Layin Allin Kafinta

"Ajiye shi a nan. A'a, ba nan ba, bayan layin."

"Ai bayan layin yake, Baban Auta."

"Kwanon yana baya. Ƙafarki fa?"

Tela ta sunkuyar da kai. Babban yatsanta na dama ya hau farin layin allin da mijinta ya ja a ƙasa, daga wannan bango zuwa wancan, a ƙofar shagon kafintancinsa da ke bayan gida. Ta janye yatsan. Shi kuwa Kafinta, daga can cikin shagon, ya miƙo wani dogon katako mai faffaɗan baki irin na masu gasa burodi, ya zura shi ƙarƙashin kwanon abincin, ya jawo a hankali har gabansa. Da hannunsa ya sassaƙa katakon, ya goge shi sumul, har da ɗan ramin da gindin kwano zai zauna don kada miya ta zube.

"Ka ga aiki," in ji Tela. "Da a kan kujerar kicin ɗina da ta karye ka kashe wannan basira, da na gode."

"Kujerarki tana layi."

"Tun bara take layi."

Ya yi murmushi, ya jawo gorar ruwa. Yanzu ba ya iya haɗiye loma sai ya kurɓi ruwa kafin ta, ya kurɓa bayanta, domin allurar da ake yi masa ta busar masa da baki ƙayau. Mutumin da maƙwabta suka sani da fito tun safe har yamma yana aiki, yau ko ya tsuke leɓe iska ce kawai take fita.

Tela ta jingina da bango, ta harɗe hannuwa. Ta gaji. Ba irin gajiyar da barci ke magani ba.

"Wata guda ke nan har da ɗoriya da aka yi maka allura ta biyu. Likita kwana uku ya ce."

"Na ji abin da ya ce."

"To?"

"To shi ya faɗi abin da aka rubuta masa." Ya nuna wani tsohon gwangwanin fenti da cokalinsa. "A jikin wancan ma an rubuta yana bushewa cikin awa kaɗan. Ki taɓa sama, ya bushe. Ki zauna a kai, ki tashi da kujerar manne a zaninki. Wanda ya rubuta bai yi ƙarya ba, saman yake nufi. Ni kuma abin nan, an ce har cikin ƙashi yake shiga ya zauna."

"Kai ba kujera ba ne."

"Ke ma ba zani ba ce da zan ce a wanke."

 Ta tsaya daga inda aka yarje mata, tana kallonsa yana cin abinci kamar mai yin aikin dole.

Shekara uku ke nan da aka gano ciwon. Da fari fitsari ne ya riƙa tsaya masa, yana ɓoyewa saboda kunya, har ranar da abin ya gagara aka kwashe shi zuwa asibiti. Aka ce ciwon daji ne, irin wanda ke kama maza a ƙasan mafitsara, kuma ya riga ya miƙe zuwa ƙashin baya da ƙugu. Aka fara da allurai da ƙwayoyi masu kashe ƙarfin namiji, ciwon ya lafa, sannan ya dawo. Aka koma ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, ya lafa, ya sake dawowa. Duk wannan wahala tare suka sha ta. Ita ce ke riƙe masa roba in amai ya taso, ita ce ke murza masa baya da tafin hannu har ciwon ya sake shi. Ta san kowane ƙashi a bayan nan kamar yadda ta san maɓallan kekenta na ɗinki.

Sai Likita ya zo musu da sabon abu. Ya ce akwai wata allura da ba ta bin jiki gaba ɗaya tana ɓarna kamar ta baya. Ita tana da wayon gane ƙwayoyin cutar, ta bi jini ta same su duk inda suka ɓuya, ta manne musu, ta ƙone su da wani irin haske da ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Bai ɓoye musu komai ba. Ya ce ba ta warkarwa, amma tana rage ciwo, tana ƙara wa mutum watanni, wani ma fiye. Sharaɗinta kaɗan ne. Bayan kowace allura, hasken yakan rage a jiki na ɗan lokaci, don haka ya kwana shi kaɗai kwana uku, ya ɗan nisanci mutanen gida, yara da mai ciki kuwa ya ba su mako biyu don a zauna lafiya. Daga nan sai ya koma rayuwarsa har lokacin allura ta gaba ya zo.

A hanyar dawowa ran nan Tela ta yi kuka, na murna. Watanni! Ta riƙa lissafa abin da za su yi da su. 'Yarsu Auta tana da cikin fari, ga shi Allah ya kawo hanyar da kakan zai ga jikansa.

Shi kuwa Kafinta, abu ɗaya ya ɗauko daga duk bayanin: akwai wani abu a jikinsa da zai iya cutar da wanda ya matso. Ranar allurar farko ya dawo gida, bai ko shiga ɗaki ba. Ya wuce shago, ya haɗa gado da filankai, ya ɗauko abin awo da alli ya ja layi. Kwana uku suka wuce, ya ce a ƙara uku don tabbaci. Ukun suka wuce, ya ce a cika mako biyu tunda Auta tana zuwa gidan. Kafin a ankara lokacin allura ta biyu ya yi, aka koma farko. Allurar ta yi aikinta kuwa. Ciwon bayan da ke sa shi cizon matashi ya ragu sosai, yana iya tsayawa ya yi aiki kaɗan. Amma duk wannan sauƙin, daga nesa Tela ta gan shi, kamar mai leƙen bikin maƙwabta ta katanga.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne rigunansa. Ya rame, duk tufafinsa suna reto a jikinsa. Tun aurensu ba ta taɓa sa masa tef ba. In za ta ɗinka masa riga, sai ta ce ya tsaya, ta ɗora tafukanta a kafaɗunsa, ta sauko da su ta ƙirji, ta zagaya ta rungumo shi ta baya. Shi ke nan, hannuwanta sun riƙe awon. Shi kan ce wayo ne kawai take yi masa, ita kan ce to ya je wajen wani telan mana. Bai taɓa zuwa ba.

Da ta ce tana son rage masa rigunan, sai ya ce ta tsaya a bakin layi. Ya ɗauko tef ɗinsa na ƙarfe, wanda yake auna katako da shi, ya riƙa naɗa shi a jikinsa yana ƙwala mata lambobi. Tef ɗin ƙarfe ba ya bin jikin mutum, lanƙwashewa yake yi a kusurwa. Ta ɗinka rigar a kan abin da ya faɗa. Da ya sa, sai ta fito murabba'i, kafaɗa a miƙe, ciki a buɗe.

"Kin ɗinka wa kabad riga," ya ce, yana juyawa don ta gani.

Ta yi dariya har ta dafa bango. Sai dariyar ta yanke mata, ta yi sauri ta shige gida, ta zauna a gaban keke, ba ta taka shi ba har rana ta karkata.

Ranar Asabar Auta ta zo. Cikin ya yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura, tana tafiya tana dafe ƙugu. Tun daga ƙofa take kira, "Mama, ina saurayinki?"

"Yana fadarsa. Ki je ki kai gaisuwa, amma ki kula da iyaka."

Ga Auta ma iyakar ta fi nisa. Kafinta ya rufe ƙofar shago, ya buɗe taga, ya ce ta zauna can ƙarƙashin igiyar shanya. Dole sai sun ɗaga murya kafin su ji juna.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, uwata! Ya nauyi?"

"Yana ta harbi! Na ce masa ya yi haƙuri, kakansa yana kurkuku!"

"Ki ce masa kakansa yana aiki. Dubi bayanki."

A tsakar gida, cikin rana, ga wani ɗan gadon jariri. Farin katako ne, gefunansa a zagaye don kada su ji wa yaro ciwo, ƙafafunsa masu lilo. Auta ta miƙe da ƙyar, ta nufi wajen, hannunta a miƙe.

"Kar ki taɓa!"

Ta tsaya cak.

"Hannuna ya daɗe a kansa," in ji Kafinta, muryarsa ta sauka. "Katako yana shan abu, ke ba ki sani ba. Ki bar shi ya sha rana da iska tukuna. Kafin ki haihu ya fita."

"Baba, na karanta takardar da suka ba ku. Babu inda aka ce..."

"Na ce ki bari."

Auta ta dubi uwarta. Tela ta kau da kai, ta shiga kwashe shanyar da ba ta gama bushewa ba. Rana ta riga ta fara tsaga katakon gadon ta gefe ɗaya, siririyar tsaga kamar zare. Ta tabbata shi ma ya gani, mutumin da ba ya barin katako ya wuni a rana ko na awa ɗaya.

A kicin Auta ta zauna a kan buhu, ta miƙe ƙafafu.

"Mama, har yaushe?"

"Allurai huɗu suka rage."

"Wato kusan wata shida. Likita kuma nawa ya ce..." Ta haɗiye sauran. "Ki yi masa faɗa mana. Ke da kike iya tayar da unguwa a kan an taka miki shuka."

"Na yi faɗan. Na yi lallashi. Na yi fushi na ƙi kai abinci, ya kwana da yunwa bai ce uffan ba, ni ce na kasa barci." Ta matse tsumman da ke hannunta ko da yake babu ruwa a jikinsa. "Ya za ki yi faɗa da mutumin da yake ganin ranki yake karewa?"

Ranar allura ta uku suka fita da sassafe. A motar haya ya sa ta zauna gaba, shi ya tafi can kujerar ƙarshe ya manne da taga, ya ɗora jakarsa a gefe don kada wani ya zauna. Tafiyar ta yi tsawo. Duk inda motar ta faɗa rami sai Tela ta waiwaya, ta ga ya runtse ido.

Ɗakin jira na sashen allurar a asibiti yana can ƙarƙashin ƙasa, ba taga, fitilunsa farare masu sa kowa ya yi kama da mara lafiya. Kujerun roba a jere, injin ruwan sanyi a kusurwa, talabijin a sama ba murya. Maza ne tsofaffi, kowa da gorar ruwansa a hannu, domin an ce su sha da yawa. A cikinsu akwai wani tsohon direban babbar mota da suka fara allurar rana ɗaya da Kafinta, ƙato ne da ciwo ya zabge, amma bai taɓa masa baki ba.

"A'a! Mai zarto! Ashe kana nan? Wallahi na ɗauka ka yi mini wuce-gaba ba ko sigina."

"Ina zan tafi in bar ka? Wa zai yi maka akwati?"

"Ka yi shi da faɗi, ka san ba na son matsi."

Kafinta ya je ya zauna kusa da shi, kafaɗa na gugar kafaɗa. Tela ta ga wannan. Ta nemi kujera a ɗaya ɓangaren ta zauna, jakarta a cinya.

Matar Direba tana gefensa, 'yar ƙaramar tsohuwa mai gilashi, tana yi masa fifita da kwalin magani. Zufa ta keto masa ba dalili, irin wadda ƙwayoyin ke jawowa, ta ciro hankici ta goge masa wuya da bayan kunne, tana mita.

"Ka ga abin da suka mai da ni," in ji Direba. "Lokacin da al'adarta ta ɗauke take irin wannan zufar, na yi ta yi mata dariya. Yanzu ga shi an biya ta."

"Ai ban gama karɓa ba," in ji matar. "Ɗaga haɓa."

"Kai ya kake yi da kwanakin nan na nisa?" Kafinta ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Kwana uku a falo, ni da sauro. Ran na huɗu ta zo ta ja ni da kunne. Ni ma in gaya maka gaskiya ba na jiran a ja."

"Ku direbobi dama kun saba ganganci."

"Mu ne muka san in an ba da hannu a wuce, ana wucewa."

Tela ba ta ji sauran hirar ba. Idonta yana kan hankicin nan, yadda yake bin wuyan mutumin, yadda matar take yi ba tare da ta san wani abu take yi ba.  Ta tashi ta je wajen injin ruwa, ta cika kofi, ta tsaya riƙe da shi.

An ɗebi jinin Kafinta, aka jira, sannan aka kira su. Likita matashi ne, amma idanunsa na wanda bai ƙoshi da barci ba tun da daɗewa. Ya juyo musu da allon kwamfuta, ya nuna hoton ƙasusuwa guda biyu, na da da na yanzu. Baƙaƙen ɗige-ɗigen da suka cika na farko sun ragu a na biyu, wasu sun dushe.

"Allurar tana kama su, Baba. Wannan labari ne mai daɗi. Sai dai jininka ya yi ƙasa, ita ma takan jawo haka. Ba zan yi maka yau ba. Mu ba jiki mako biyu ya farfaɗo, sai mu sake dubawa."

Kafinta ya gyaɗa kai. Tela, daga kujerar da ta ja can kusa da ƙofa, ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Likita, don Allah ina da tambaya. Abin nan da ke cikin allurar, yaushe yake fita daga jikin mutum?"

"Ai na yi muku bayani, Mama. Yawancinsa da fitsari yake fita a kwanakin farko, sauran kuma ya mutu da kansa." Ya dube ta, ya dubi inda mijin yake, ya dubi tazarar da ke tsakani. "Me ya sa kika zauna can?"

Ta gaya masa. Ba ta yi niyyar faɗin duka ba, amma da ta fara sai ya zubo: shagon, layin, dogon katakon, gadon jaririn da ke tsagewa a rana. Kafinta yana kallon takalmansa. Likita ya cire gilashi ya murza ido.

"Wata uku?" ya ce. "Baba, wata uku?"

Ya aika aka kira Nas, wata mace mai jiki da saurin magana, ta zo da wata 'yar na'ura mai kama da rediyon hannu. Ta kunna, na'urar ta riƙa ƙyas, ƙyas, jefi-jefi. Ta kai ta jikin bango, haka. Ta kai ta jikin Tela, haka. Ta kai ta ƙirjin Kafinta, ta bi bayansa, ta sauka ƙugu. Ƙyas. Shiru. Ƙyas.

"Ka ji, Baba? Kai da bangon nan da Mama duk ɗaya. Ranar da aka yi maka allura ai ka ji yadda take ihu."

"Na ji, 'yata. Amma ai fata ta shafa."

"Baba, wannan ta bayan ƙofa ma tana jiyowa."

"To," in ji Kafinta. "Allah ya yi albarka." Tela ta san wannan "to" ɗin. Shi yake ce wa mai sayen kaya da ya dage a kan katakon da ba zai yi ƙarko ba.

Likita ya buɗe baki zai ƙara, aka ƙwanƙwasa ƙofa, wani mara lafiyar yana jira. Ya ce, "Mama, ku je gida ku zauna tare. Ni na ce." Ya riga ya jawo fayil na gaba.

Daga sashen zuwa titi akwai matakala mai tsawo. Lif ɗin ya cika, Kafinta ya ce ba zai shiga cikin mutane ba. Ya kama ƙarfen gefe ya fara hawa, Tela tana biye, ta bar 'yan matakai a tsakani kamar yadda ya saba umarta. A tsakiya ya tsaya. Numfashinsa ya riƙa fita da ƙara. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe a hankali, ya sulale ya zauna a kan matakalar, kansa jingine da ƙarfe, fuskarsa ta yi fari fat.

Ta yo kansa.

"Tsaya nan," ya ce, da ragowar muryarsa. Ya ɗaga tafin hannu.

Ta tsaya. Mutane suna wucewa ta gefensu, wasu su kalla, wasu su ce sannu. Ta tsaya tana kallon mijinta yana kokawa da numfashi, hannuwanta biyu a sake ba su da aikin yi. Da ta ga jini ya fara dawo masa fuska, sai ta yi magana, a hankali, don ba ta da ƙarfin ɗaga murya.

"Nas ta riƙe hannunka ta ɗebi jini, ba ka hana ta ba."

"Aikinta ne."

"Likita ya danna maka ciki. Direba ka zauna har kuna gugar juna."

"Shi ai abin yana jikinsa."

"Matarsa fa? Ita ba mutum ba ce? Na ga ka miƙa mata gorarka ta riƙe maka da za ka shiga." Ta dube shi ido cikin ido. "Duk duniya ni kaɗai ce wannan hasken yake nema, Baban Auta?"

 Ya kurɓi ruwa, ya juya shi a baki, ya haɗiye.

"Da farko tsoro ne," ya ce. "Wallahi tsoro ne. Har yanzu ma bai sake ni ba, kome na'urarsu ta ce. Amma daga baya..." Ya goge baki da bayan hannu. "Ina kallonki ta tagar shago. Na ga ranar da ƙwan fitilar tsakar gida ya mutu, kika hau tebur kika canja da kanki. Na ga kin koyi yadda ake ɗaga ƙofar waje kafin sakata ta shiga. Na ga kina cin abinci ke kaɗai a bakin kicin. Sai na ce a raina, to, ga shi tana koyo. Gara ta koya yanzu ina nan, in ta rasa inda wani abu yake ta ɗaga murya ta tambaye ni. Ba sai rana ɗaya kawai ta juya ta ga..."



 Tela ta so ta yi masa ihu, ta so ta rufe shi da duka da jakar hannunta, ta so ta kifa kai a cinyarsa. Gajiya ta hana ta duka ukun.

"Wato makaranta ka sa ni," ta ce. "Ba ka ko tambaye ni ba."

"Don ke na yi."

"Wata uku ina wannan karatu naka. Ka san abin da na iya? Na iya kwanciya a gefe ɗaya na gado ina sauraren tarinka ta bango. Shi ke nan abin da na iya. Ƙwan fitila kuwa, da ka tambaya, tun kafin in san ka nake canja shi." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Kana shan wannan azaba, bakinka ya bushe, jininka ya ƙare, don a ƙara maka kwana. An ƙara. Ka kwashe su ka kai shago ka kulle. Ranar da za ta zo za ta zo, ban hana ta ba. Amma ba zan fara zaman makokinka kana tsakar gida kana goge katako ba."

Ta hau matakan da suka rage. Ya yunƙura zai matsa, ƙarfen gefe ya tare shi, ƙarfi kuma babu. Ta zauna a kan matakalar da yake, jikinta ya jingina da nasa. Ta ji yadda ya sandare, ta ji ƙashin kafaɗarsa ta cikin riga, ta ji warin garin katako da ya kama gashinsa. Bai ture ta ba. Bai kuma saki jiki ba.

"Tela," ya ce, "in wani abu ya same ki..."

"Tsoronka ka riƙe kayanka, ban ce ka yar ba. Kwana ukun Likita kuma zan ba shi duk bayan allura, ba zan ci masa ko awa ɗaya ba."

Ta buɗe jaka ta lalubo waya. Sai da ta yi kuskure sau biyu kafin ta samu lambar. Ta sa wayar a kunne, ta ɗaga murya yadda shi da duk mai wucewa za su ji.

"Auta? A'a, ba a yi ba, an ɗaga mako biyu. Lafiya lau, yana nan kusa da ni. Saurara. Ki turo mini mijinki da yamma, ya zo da wani mai ƙarfi. Za a kwaso kayan babanki daga shago a mayar ɗaki. In kuma ya ƙi, to gadona za a ɗauka a kai shagon. Ko nan ko can, daga yau inda ya kwana nan zan kwana."